Masu Rakiya Su Tsaya a Benci

Mun bar Kano da asubar fari, ana saura 'yan makonni a ɗauki azumi, a shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Mu uku ne. Akwai dattijonmu da zan kira Alhaji Babba, dillalin yadi, wanda ya daɗe yana zuwa China har ya fara nuna wa 'yan ƙasar hanya. Akwai wani magidanci da bai kai arba'in ba, zan kira shi Mai Wanduna, yana zuwa saro kayan sallah. Sai ni, malamin asibiti mai ɗan ƙaramin wurin duba marasa lafiya a bayan gari, wanda 'yan unguwa ke kira Likita ko da yake takarduna ba su kai nan ba. Abin da ya fito da ni shi ne na'urar awon hawan jini da ta awon sukari, don an ce a can suna da araha.

Tun yanzu in faɗa: masu sayar da wando a Kano sun fi a ƙirga, na kuma sauya abin da ya kamata in sauya, da izinin mai labarin. Masu bin diddigi su huta.

Tun daga Legas na lura Mai Wanduna ba ya son kujera. A jirgin da ya ɗauke mu zuwa Adis Ababa, da wanda ya ɗauke mu daga can, duk lokacin da aka kashe alamar ɗaura bel sai ya miƙe ya koma bayan jirgi ya tsaya kusa da masu raba abinci, har suka fara miƙa masa tire suna zaton sabon ma'aikaci ne. In dole ta sa ya zauna, a gefe ɗaya yake zama, yana cije leɓe. Na tambaye shi lafiya, ya ce, “Basir ne, Yaya Likita.” Alhaji Babba ya buɗe ido daga barci ya ce yana da maganinsa a jaka, ya koma barcinsa.

Guangzhou ta tarbe mu da zafi mai danshi, irin wanda kana fitowa daga wanka kana neman komawa. Hanyoyi kuwa hawa kan hawa, gada a kan gada, mota na wucewa ta saman kanka wata ta ƙarƙashinka. Wasannin a Beijing ake yi, nesa da mu ƙwarai, amma ko mai gyaran takalmi yana da ƙaramar talabijin a gefensa, kuma 'yan sanda sun tsaurara duba fasfo, sai muka riƙa yawo da namu a ƙirji kamar laya. Masaukinmu yana unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa. Ban gama ajiye jakata ba na ji wani a baranda yana faɗa da wayarsa, “Ka gaya masa kwantenar ba ta taso ba!” Na leƙa in tabbatar jirgin bai dawo da mu kasuwar Kwari ba.

A nan muka haɗu da wani mutumin Maraɗi, mai saro takalma, dogo mai dariyar da ake ji daga hawa na uku. Shi ya nuna mana gidan wata Hajiya 'yar ƙasarsu da ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka a saman wani bene. Ranar da ba mu je can ba, wajen Musulmin China masu fararen huluna muke cin taliyar da ake ja da hannu a gabanka. Da tsinke biyu suke ci. Na gwada, taliya ta fi zuwa rigata fiye da bakina. Alhaji Babba bai taɓa wahalar da kansa ba, cokalinsa na gaban aljihu tare da biro, yajinsa na cikin robar fim.

Kasuwar Shahe ta tufafi ce, kuma ban ga ƙarshenta ba. A can na koyi Sinancina gaba ɗaya: ni hawo, gaisuwa ke nan, she-she, godiya, lawban, mai gida, sai meyo, wato babu, wadda ita aka fi gaya mini. Ciniki kuwa ba ya buƙatar baki. Mai shago ya danna farashi a kalkuleta ya miƙo, kai ma ka danna naka, ya dafe ƙirji kamar an yi masa rasuwa, ka juya za ka tafi, ya kamo hannun rigarka. Kayan da araha, amma sai ka tuna kuɗin jirgin ruwa da na kwastan arahar ke fara tsukewa.

Kafin mu yi kwana uku, duk Bahaushen da ke masaukin ya san Mai Wanduna na fama da basir. Mu kuwa ba a ambaton basir a gabanmu mu yi shiru. Alhaji Babba ya jiƙa masa gari mai ɗaci. Mutumin Maraɗi ya ce na Najeriya duk jabu ne, ya kawo sassaƙe daga ƙasarsu ya ce, “Sha wanga, kwana biyu ka hau raƙumi.” Wani ɗan Kumasi ya hana shi shinkafa, wani ya hana shi nama, wani ya hana shi zama kan tayil. Da a ce ya bi dokar kowa, da iska kaɗai zai riƙa ci, a tsaye. Bawan Allah yana karɓa yana godiya yana sha, zazzaɓi kuma na rufe shi da yamma. Ni dai na fara shakka, don 'yan tambayoyin da na yi masa amsoshinsu ba su yi kama da basir ba.

Da abin ya ƙi, Alhaji Babba ya yanke hukunci: asibiti. Ku kuma kun san mu, ba ma barin mara lafiya ya je asibiti shi kaɗai, abin kunya ne a ce ɗan'uwanka ya je ganin likita ba mai riƙe masa takalmi. Zumunta a ƙafa take, mu kuwa ƙafafu gare mu. Tasi biyu muka cika. Mutumin Maraɗi har da fulas ɗin kunu. Aka kuma nemo tafinta, wani malamin makaranta ɗan Kano da ke ƙaro karatu a wata jami'a a garin, mai Sinanci kamar ruwa da murya kamar lasifika. Suna gaisawa da Mai Wanduna ya tafa hannu ya ce, “Kai! Ai kai ne mijin 'yar gidan maƙwabtanmu! Ni fa na raba goro ranar ɗaurin aurenku!” Kowa ya yi murna da wannan ikon Allah. Mai Wanduna ya yi wani murmushi mai ciwo da ban taɓa ganin irinsa ba.

Ɗakin likitan ƙarami ne, amma muka shige gaba ɗaya. Likitan, wani siriri mai tabarau, ya ƙirga mu da ido, ya tambayi wane ne mara lafiyar. Ya fara tambayoyi, tafinta na juyawa da ƙarfi yana ƙara nasa sharhin.

“Ya ce kana da mata?”

Alhaji Babba ya amsa, “Yana da ita, 'yar mutunci.”

“Ya ce, ka yi haƙuri fa, ni fassara kawai nake yi, wai ban da ita akwai wata mu'amala a waje?”

Ɗaki ya ɗauki a'uzubillahi. Alhaji Babba ya ce a gaya wa likita wannan yaron a gabansa ya girma. Mai Wanduna ya kalli ƙasa ya ce babu. Likitan ya ce to a fita zai duba wurin, muka fita muna gunaguni, amma tafinta ya zauna, tunda in ya fita wa zai fassara? Ba a jima ba suka fito. Mai Wanduna ya ƙi yarda a duba shi, ya ce shi dai a ba shi maganin basir. Likitan ya ba shi abin da ya nema, mu kuma muka sha kunu a bakin asibiti muka yi masa addu'a.

Washegari ya roƙe ni in raka shi Xintang, garin da ake ɗinka wandon jins, tafiyar sama da awa ɗaya daga cikin birni. Gari ne da komai nasa shuɗi ne, har ruwan kwata. Tsofaffin mata na zaune a bakin ƙofa suna tsinke zare daga tulin wanduna, kekunan ɗinki na ruri daga kowane bene. A wata masaƙa, muna jiran lawban ya kawo samfur, ƙarar injin ta cika wurin, sai ya matso kusa da kunnena.

“Yaya Likita, ba basir ba ne.”

Na ce na sani.

“Ba ka san sauran ba. Ina mu'amala da maza. Tun kafin in yi aure.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, gabana ya faɗi. Na tsaya ina juya wani wando a hannu ina duba zif ɗinsa kamar ni zan saya. A unguwar da na tashi, wannan magana ba a yin ta sai da zagi. Amma da na ɗago, mutumin da na gani shi ne dai wanda ya ɗaukar mini jaka a Legas, gumi na zuba a goshinsa, yana jiran ya ga ko zan matsa gefe. Tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, ni ba alƙali ba ne, malamin asibiti ne, kuma ga mara lafiya a gabana.

Ya ce wata da watanni yana fama. A Kano ya rasa inda zai je: a wannan asibiti mai yankan kati maƙwabcinsa ne, a wancan nas ɗin ƙawar matarsa ce, ga doka, ga bakin mutane. Sai dai ya sayi kafso a kemis ya haɗiya, abin ya lafa ya dawo. Yana tsoron ƙanjamau ne. Ya daina kusantar iyalinsa don kada ya sa mata wani abu, ita kuma tana kuka tana tambayar laifin da ta yi. Ya ce, “Na ce in na zo ƙarshen duniya zan samu likitan da bai san kowa nawa ba. Na zo na tarar da wanda ya raba goron aurena.” Ban so yin dariya ba, amma ta ƙwace mini, shi ma ya yi, har ya dafe bango saboda ciwo.

Kwana biyu bayan haka na je Tianhe, unguwar dogayen benaye da shagunan na'urori, sayen kayana. Mai shagon da na shiga wata mata ce mai ɗan Turanci, ta kuma ce 'yar'uwarta nas ce. Bayan mun gama da kalkuleta na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, sannan na tambaye ta ko akwai wurin da namiji mai irin wannan rayuwa zai je a duba shi a asirce. Na zaci za ta zare ido. Ko girarta ba ta motsa ba. Ta buga waya, ta rubuta mini adireshi da rubutunsu don direban tasi, ta ce suna buɗewa har Asabar, sannan ta koma ƙoƙarin sayar mini da ma'aunin zafin jiki dozin biyar.

Saura yadda za mu fita ba rakiya. Wannan ya fi komai wuya, don tun daga ranar asibiti Alhaji Babba ya ɗora wa kansa gadin mara lafiya, ko shago zai leƙa sai an haɗa shi da mutum. Ƙwallo ce ta cece mu. Najeriya ta kai wasan ƙarshe da Ajantina, ranar Asabar da tsakar rana. Tun hantsi gidan Hajiya mai tuwo ya cika, 'yan Nijar da 'yan Gana duk sun zama 'yan Najeriya na wucin gadi, Alhaji Babba da ke cewa ƙwallo aikin banza ce ya kama kujerar gaba da carbinsa. Ana busa usur na ce zan raka Mai Wanduna ya sha iska. Ba wanda ya waiwayo. Mutumin Maraɗi dai ya ce, idonsa na kan talabijin, “Ku taho da ruwan sanyi.”

Wurin da matar nan ta ba ni adireshinsa ba shi da allo a waje. Hawa na huɗu ne a wani tsohon bene, sama da shagon gyaran waya. Ciki tsaf, da fanka, da dogon benci, da kwandon kwaroron roba a bakin ƙofa inda mu za mu ajiye dabino. Maza uku na zaune, ɗaya da kayan ofis, ɗaya da hular kwano ta magina a cinyarsa, ɗaya mai furfura, ba mai kallon wani. Wani mai aikin sa kai ya tarbe mu da Turanci. Bai tambayi suna ba, bai tambayi fasfo ba, lamba kawai ya ba Mai Wanduna.

Da aka kira lambar muka miƙe tare. Ni a raina ai ni ne mai rakiya, ga shi kuma aikina ne, zan ma taimaka da bayani. Mai aikin sa kai ya sa hannu a gabana cikin ladabi, ya nuna mini benci. Na ce masa ni ma ma'aikacin lafiya ne. Ya ce madalla, to na fi kowa sanin dalili. Aka rufe ƙofa, na ji ƙarar sakata, na koma na zauna tsakanin magini da mai furfura ina riƙe da hular mara lafiya.

Mai aikin sa kan ya kawo mini shayinsu marar sukari muka ɗan taɓa hira. Na ce ashe su nan ba ruwansu. Ya yi dariya ya ce ina fa, su ma nasu mazan suna aure don iyaye, suna ɓoyewa, suna tsoron a gan su, shi ya sa babu allo a waje. Ya ce mutum in ya san za a wulaƙanta shi ba zai zo ba, ciwon kuma ba ya zama a jikinsa shi kaɗai, gida yake bin sa. Na tambaye shi yadda suke yi da baƙon da ba ya jin yarensu. Ya nuna mini zanen jikin mutum, gaba da baya, ya ce mara lafiya ya ɗora yatsa inda ke damunsa, sauran kuma ɗan Turanci ya isa. Na tuna kalkuletar Shahe. Can ƙasa a titi na ji ihu daga shagon gyaran waya, ban san ko mu aka ci ko mu muka ci ba.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito yana ɗingishi, amma ɗingishin allura ne, na san shi. Hannunsa da ƙunshin ƙwayoyi. A matakala ya ce, “Ciwon sanyi ne, likitar ta ce yana warkewa. Ta ce iyalina ma a duba ta.” Ya ƙara da cewa, “Ta duba ni, Yaya Likita. Ba ta ko yamutsa fuska ba.” Sai ya zauna a kan matakala, a gefe ɗaya, ya yi kuka sosai. An ɗebi jininsa don gwajin ƙanjamau. Abin da aka gaya masa game da shi nasa ne, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Muka koma muka tarar da gidan tuwo kamar gidan makoki, an ci mu ɗaya da nema. Alhaji Babba ya ce fitarmu ce ta karya sa'ar, tafinta ya ce bai taɓa ganin marasa kishin ƙasa irinmu ba. Mutumin Maraɗi, wanda tuni ya koma ɗan Nijar, ya tambayi ina ruwan sanyinsa. Mun manta.

Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya tafi, Mai Wanduna ya fara cin tuwo da miya har da ƙari. Nan fa gardama ta tashi. Alhaji Babba ya ce garinsa ne ya yi aiki, mutumin Maraɗi ya rantse sassaƙensa ne, har suka kusa ɓatawa. Aka ce ni Likita in raba gardama. Na ce a ganina haɗuwar biyun ce. Kowa ya gamsu, kuma na ji an ce har yanzu ana ba sababbin zuwa wannan haɗin a masaukin, Allah ya ba su haƙuri.

A jirgin dawowa Mai Wanduna ya zauna daram, ya ɗaura bel, ya yi barci tun daga Guangzhou har aka tashe shi a Adis Ababa. Ni ne na kasa barci. Ina ta tunanin ɗakin da nake duba marasa lafiya. Labule ne a bakinsa, kuma a bayan kowane labule akwai ƙafafun yaya ko kawu ko aboki, mutanen kirki da suka bar aikinsu don ƙauna, suna amsa tambaya kafin mai ciwo ya buɗe baki. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba a ce a yi wankan a gaban dangi ba. Mutumin da gaskiyarsa za ta iya raba shi da gidansa da kasuwarsa, shi ya fi kowa buƙatar a bar shi shi kaɗai da mai magani, kuma shi ne muka fi cika wa ɗaki.

Mun sauka Kano ana jajibirin azumi, ruwan sama ya wanke gari. Na'urorina suka iso lafiya, ɗaya ce kawai ta ƙi magana da kowane yare sai Sinanci. Kafin in buɗe kwalinsu na kira kafinta ya cire labulen ya sa ƙofar katako mai sakata, ya ƙera benci a waje. Matar Mai Wanduna na cikin waɗanda suka fara shiga, ita kaɗai, ta samu maganinta. Abin da ke tsakaninta da mijinta kuma ban isa in warware shi da allura ba, ina dai yi musu addu'a.

Bencin ya jawo mini surutu. An ce na je China na koyo girman kai. Wani dattijo da ya kawo ɗansa ya ce shi ya haifi yaron, na ce Allah ya raya, Baba, ga benci. Bayan sallah da 'yan kwanaki aka kawo wani mutum, yayyensa biyu da abokinsa na biye, tun daga ƙofa suna gaya mini basir ne, sun ma fara ba shi jiƙo. Na zaunar da su, na shigar da shi, na tura sakata. Na ce me ke tafe da kai? Ya ce basir. Na ce to, na ci gaba da goge tabarau. Ya kalli ƙofar, ya kalli sakatar, ya saurara ya ji muryoyin 'yan'uwansa can nesa suna gardamar ƙwallo. Sannan ya jawo kujerarsa kusa da tebur, ya zauna a gefe ɗaya, ya ce, “Likita, in na faɗa maka, a nan zai tsaya?”

Na ce, “Don haka aka yi ƙofar.”